Shekara Ɗari Kafin Alhamis

A Kilo Bakwai, bayan garejin wani Bayamale,
akwai rumfar da nake sayar da shekaru.
Katako na shigowa da ƙanshin jiya-jiya,
ya fita da furfurar kakan kaka.

Ummu Rayyan ta aiko direba da ƙofa,
sabuwa gal, ko ƙusa ba ta sani ba.
Ta ce a waya, "Irin ta tsohon garin Balad nake so,
wadda gishirin teku ya daɗe yana lasa.
Ranar Alhamis ina da baƙi."
Shekara ɗari kafin Alhamis!
Na ce to. Kuɗin haya ba ya jiran mamaki.

Na bi ta da samfefa har ta yi laushin kunci,
na shafa mata launi mai duhu,
na gahawar da aka manta a kan wuta.
Shi ne asirin da zai leƙo daga baya.
Na bar ta ta kwana.
Laimar Jidda ba ta son gaggawa,
fankoki biyu suka kwana suna musu da ita.

Da safe sai gam, farin nan na kafintoci.
Inda na malala da yawa, tsaga za ta wage baki;
inda na yi rowa, za ta fito siririya kamar jijiyar ganye.
Sai jira.
Ba ɗanye ba, ba busasshe ba:
ka taɓa da yatsa ya riƙe ka kaɗan ya sake,
kamar yaron da ke son baƙo yana jin kunyarsa.

Barmo, riƙe min gwangwani.
Shuɗi ne, na tekun da rana ta koɗar.
Sau ɗaya burushi ke wucewa, yaro,
in ka dawo gyara, ka ɓata.
Abin da ka tsallake, bar wa Allah.

Muka zauna da shayi muna kallo.
Fenti na son bushewa, gam na ja masa kafaɗa,
daga wannan saɓani nasu aikin ke fitowa.
Ga ta farko can kusa da mariƙi,
ta haifi biyu, biyun suka haifi zuriya,
kafin la'asar ƙofa ta zama bakin tafki a bazara,
duhun gahawa na leƙe ta kowace kafa.
Na murza mata kakin zuma, na ɗan daki gefenta da sarƙa.
Barmo ya ce, "Maigida, wannan ba ƙarya ba ce?"
Na ce, "Wanke burushi."

Da dare a Karantina,
Inna Kuluwa ta miƙo ƙafa a cinyata,
ina cusa man kaɗanya a fasonta.
Shekara talatin da huɗu tana talla a bakin titi,
gyaɗa, turare, tsintsiya,
kwalta mai zafi ta rubuta mata abin da ta ga dama.
Na duba dunduniyar nan ƙarƙashin ƙwan lantarki:
duk abin da na wuni ina nema yana nan,
babu gam, babu burushi.

"Nawa suka biya?"
"Riyal ɗari takwas, Inna."
Ta yi dariya har tari ya kama ta.
"Da na sani da na kai musu ƙafata.
Kai kuma, ƙofarmu fa?
Tun wancan Azumi nake cewa ka rufa mata asiri,
ta tsage kamar ba gidan mai fenti ba."

Ranar Alhamis, can a Rauda,
baƙi na shafa shuɗin nan suna tambayar gadon wa ne.
Ni kuwa ina durƙushe a ƙofarmu
da garin katako da ragowar gam ɗin,
ina toshe tsaga ɗaya bayan ɗaya,
Inna na nuna min da sandarta
wadda na tsallake.